Haɗi da Ƙira: Darasi daga Masu Ƙera Samfurin Mota da Hannu



Gabatarwa

Batun wannan lacca abu ne wanda mai jin sunansa da farko zai ɗauka wasan yara ne, watau ƙera ƙaramar mota wadda ba ta ɗaukar kowa, ba ta kuma zuwa ko'ina. Amma a ƙasashen Turai da Amurka da Japan akwai dattawa masu furfura, waɗansu injiniyoyi, waɗansu maƙera, waɗansu kuwa ma'aikatan ofis, da suka ƙarar da shekara goma ko sha biyar a kan mota guda wadda tsawonta bai wuce kamu biyu ko uku ba. Ba a yin irin wannan ɗawainiya a banza. Saboda haka za a duba ma'anar wannan sana'a da asalinta, da lissafin da take tafiya a kansa, da hanyoyin da ake bi a ƙera kayanta, sannan a ƙarshe a ga abin da ya shafi ɗalibi da ma'aikacin hukuma na ƙasar nan a cikinta.

Ma'anar Kalmomi

Kalmar samfur baƙuwa ce a Hausa, daga Turanci aka aro ta, amma ta zauna daram a bakin 'yan kasuwa da teloli. A nan ana nufin ƙaramin kwatancin wani babban abu, wanda aka rage kowane sashe nasa bisa ma'auni guda. Wannan sharaɗi na ma'auni shi ne ya raba samfur da abin wasa. Mai yin abin wasa yana iya ƙara wa taya girma don ta yi saurin gungurawa, ko ya rage yawan ƙofofi don ya huta. Mai yin samfur ba shi da wannan dama. Idan ya ce ma'auninsa kashi 1 cikin 8 ne, wanda ake rubutawa 1:8, to tilas tsawon motar da faɗinta da kaurin sitiyarinta da kan kowane noti su ragu sau takwas cif.

Masu wannan sha'awa sun kasu uku. Akwai mai sayen ƙaramar mota ƙerarriya ya ajiye a kabad. Akwai mai sayen akwati cike da sassan da kamfani ya riga ya yi, ya zauna ya harhaɗa su bisa takardar umarni. Akwai kuma wanda ba ya sayen komai sai fallen ƙarfe da sanda da waya da itace da fata, ya fitar da kowane sashe da hannunsa. Hausa ta tanadi kalmomin da suka bambanta na biyu da na uku: ɗaya haɗi yake yi, ɗaya kuwa ƙira. Yana da kyau a riƙe waɗannan kalmomi biyu, domin a kansu sauran bayanin zai ginu.

Asali da Tarihi

Rage girman abu don a gan shi gaba ɗaya tsohuwar dabara ce. A shekarar 1920 aka gano a kabarin wani babban ma'aikacin fada na tsohuwar Masar, mai suna Meketre, ƙananan jiragen ruwa da rumbuna da masaƙu na itace, waɗanda aka sassaƙa kimanin shekara dubu huɗu da suka wuce. A Ingila kuma, tun ƙarni na 17 ake yin samfurin jiragen yaƙi na ruwa, da yawansu bisa ma'aunin 1:48.

Da mota ta bayyana a ƙarshen ƙarni na 19, sai sana'ar ta bi ta. A 1934 kamfanin Meccano na birnin Libaful ya fara fitar da ƙananan motocin zubi masu suna Dinky. Ma'aunin da ya fi yaɗuwa ga irin waɗannan motoci, watau 1:43, daga ƙananan jiragen ƙasa na wasa aka gaje shi. A wannan ma'auni mota mai tsawon mita 4 ba ta kai santimita 10 ba, don haka ba a ganin cikinta, sai dai siffarta ta waje.

Babban ma'auni ya samu karɓuwa ne ta hannun wani mutumin Italiya, Arnaldo Pocher, wanda ya koyi aikin zinariya da zane a kan ƙarfe kafin ya kafa kamfani a birnin Turin a 1951. A 1966 kamfaninsa ya fitar da akwatin haɗi na motar Fiat wadda ta ci babbar tseren Faransa ta 1907, bisa ma'aunin 1:8, da sassa fiye da 800. A 1968 Alfa Romeo ta biyo baya, a 1970 kuma Rolls-Royce mai sassa fiye da 2,000. A cikin waɗannan akwatuna mai haɗi yakan ɗaura wayoyin ƙafa ɗaya bayan ɗaya, ya ɗaure notuna na gaske, ya ga fistin yana hawa da sauka. Daga nan ne mutane da yawa suka fara ƙira, domin wanda ya haɗa irin wannan mota ya kwatanta ta da hoton ta asali, ba ya rasa ganin inda kamfani ya yi ƙwange don rage kuɗi. Sai ya cire sashen roba ya jefar, ya ƙera na tagulla ya maye gurbinsa.

Lissafin Ma'auni

Ga inda hankali ke shiga aikin. A ɗauki mota mai tsawon mita 4 da nauyin kilo 1,000, a rage ta bisa 1:8. Tsawonta zai koma santimita 50. Amma faɗin fuskar kowane falle ba sau 8 zai ragu ba, sau 64 ne, watau 8 sau 8. Cikinta kuwa da nauyinta za su ragu sau 512, watau 8 sau 8 sau 8, ta yadda motar da ke da kilo 1,000 za ta dawo ba ta cika kilo 2 ba. Masanin Italiya Galileo ya yi bayanin wannan ƙa'ida tun 1638, cewa fuska da ciki ba sa raguwa ko ƙaruwa tare.

Wahalar da wannan lissafi ke jawowa tana da yawa. Fallen ƙarfen jikin mota wanda kaurinsa bai cika milimita 1 ba zai koma kusan kashi goma na milimita, kaurin takardar rubutu ke nan, wanda yatsa ma zai lotsa shi. Don haka maƙeri yakan yi amfani da falle mai ɗan kauri, ya goge bakinsa kawai ya sirance, domin baki ne ido ke gani. Ƙusa mai zare ta milimita 8 za ta koma milimita 1, kuma ana son zarenta ya ci noti. Fenti ma yana da kauri, kuma ba ya raguwa don mota ta ragu, saboda haka shafe biyu ko uku na ganganci sun isa su cike layin ƙofa su binne kan ƙusoshi. Fatar kujera sai an fere ta ta baya har ta kusa zama kamar fatar albasa. Itacen allon gaban direba kuwa ba a yinsa da irin itacen motar asali, domin zanen jikinsa zai yi girma ainun. Sai a nemi itace mai laushin zane ƙwarai wanda in an dube shi a ƙaramin wuri zai yi kama da babban.

Idan aka ce injin ya tashi ya yi aiki, to wahalar ta ninka. Ana iya rage ƙarfe, amma ba a rage ɗabi'ar mai da iska da wuta. Ɗigon fetur girmansa ɗaya ne ko a babban kafireto ko a ƙarami. Baƙin mai kaurinsa ɗaya, ga shi kuwa hanyar da zai bi ta koma kamar kafar allura. Tartsatsin fulogi yana bukatar wutar lantarki mai ƙarfi wadda za ta iya tsallake siririyar waya ta fita inda ba a so. Ƙaramin silinda kuma yana saurin zubar da zafinsa, saboda fuskarsa ta yi yawa in an gwada da cikinsa. Wanda ya ci nasarar tada irin wannan inji ya san yadda inji ke aiki fiye da wanda ya haddace shi a littafi.

Hanyoyin Ƙira

Aikin ba da guduma yake farawa ba, da awo yake farawa. Maƙeri yakan nemi motar asali a gidan tarihi ko wurin mai ita, ya kwana biyu ko uku yana aunawa yana ɗaukar hoto ta kowace kusurwa, har ƙarƙashinta. Daga nan ya koma gida ya zana taswirar kowane sashe da adadinsa. Sau da yawa zanen kaɗai yakan ci watanni kafin a yanka ƙarfe ko ɗaya.

Ƙarfen da aka fi amfani da shi shi ne tagulla, watau gamin jan ƙarfe da tutiya, saboda tana yankuwa, tana lanƙwasuwa, tana kuma karɓar liƙi. Ana liƙa ta iri biyu: da gamin azurfa, wanda sai zafi ya haura digiri 600 yake narkewa, ko da gamin kuza da dalma, wanda ke narkewa ƙasa da digiri 200. Hikimar ita ce a fara da mai bukatar zafi da yawa, a ƙare da mai bukatar kaɗan, don kada wutar liƙi na biyu ta narkar da na farko aiki ya wargaje.

Duk abin da yake kewayayye, kamar fistin da ƙafa da gidan fitila, a kan injin fere ƙarfe ake yinsa, inda sandar ƙarfe ke juyawa wuƙa tana cinta kaɗan kaɗan. Abin da ya saura kuwa na zarto ne da magagari. Jikin motar, watau bodi, ana fara sassaƙa siffarsa da itace mai tauri, sannan a ɗora fallen tagulla ko jan ƙarfe a kai a yi ta bugu da ƙaramar guduma har ya ɗauki siffar. Da yake bugu yana taurara ƙarfe har ya kai ga tsagewa, sai a riƙa gasa shi ya yi ja, a bar shi ya huce ya yi laushi, a ci gaba. Duk maƙerin farfaru na ƙasar Hausa ya san wannan.

Sassa masu lungu da saƙo, kamar gidan inji, zubi ake yi musu. Ana siffanta abin da kaki, a lulluɓe shi da ƙasa mai jure wuta, a gasa har kakin ya narke ya tsiyaye, a zuba narkakken ƙarfe a gurbin da ya bari, in ya huce a fasa ƙasar. Wannan ita ce hanyar da aka bi aka yi kayan tagulla na Igbo-Ukwu fiye da shekara dubu da suka wuce, da na Ife da Binin, kuma maƙeran azurfa na Agadas sun san ta. Taya kuwa ana fere uwarta da zanen jikinta duka, a ɗauki gurbinta, a zuba roba. Abubuwa masu siranta ƙwarai, irin su ragar gaban lagireto da tambarin kamfani, ana buga hotonsu a kan falle, a tsoma a ruwan sinadari ya cinye duk inda hoton bai rufe ba.

A zamanin nan wata hanya ta shigo. Tun 1986 wani Ba'amurke, Chuck Hull, ya yi rajistar dabarar gina abu hawa-hawa da ruwan roba mai daskarewa in haske ya taɓa shi. Injinan da ke wannan aiki sun yi araha daga baya, har mutum yana iya zana kafireto a kwamfuta da dare ya wayi gari ya same shi a fitacce. Masu sana'ar sun rabu a kan wannan. Waɗansu na ganin ba ƙira ba ce tunda hannu bai taɓa magagari ba. Waɗansu kuma na cewa wanda ya auna, ya fahimci sashen, ya zana shi da kansa, ya yi mafi wuyar aikin. Magana ta biyu ta fi ƙarfi, da sharaɗin cewa shi ya yi zanen. Wanda ya ɗauko zanen wani daga intanet ya danna maɓalli, haɗi ya yi, ko da kuwa injin a ɗakinsa yake.

Waɗansu Gwanaye

Gerald Wingrove, mutumin Ingila wanda ya rayu daga 1934 zuwa 2019, mai aikin injin fere ƙarfe ne a masana'anta kafin ya bar aiki a 1967 ya duƙufa a kan samfur. Ya shahara da motoci irin su Bugatti da Duesenberg da Alfa Romeo bisa ma'aunin 1:15. Abin da ya fi ɗaukaka shi shi ne bai ɓoye sirrinsa ba. A 1978 ya wallafa littafi mai suna The Complete Car Modeller, inda ya bayyana hanyoyinsa dalla-dalla, har da kayan aikin da ya ƙirƙira wa kansa.

Pierre Scerri, injiniyan sadarwa ɗan Faransa, ya so motar tsere ta Ferrari 312 PB, wadda ta ci gasar duniya ta 1972, ba shi kuwa da halin sayenta. A 1978 ya fara ƙera ta bisa ma'aunin 1:3, bai gama ba sai 1992, bayan aikin awa kimanin 20,000. Injinta mai silinda 12 yana tashi, giyarta tana shiga. Ma'aikacin hukuma mai aikin awa 8 a rana, kwana 250 a shekara, sai ya shekara goma cur kafin ya cika awa 20,000, shi kuwa Scerri bayan tashi daga aikin ofis ya yi nasa. Haka kuma Louis Chenot na Amurka ya shafe kimanin shekara goma a kan Duesenberg ta 1932 bisa ma'aunin 1:6, ita ma injinta mai silinda 8 ya tashi.

Amfanin Sana'ar

Amfani na farko adana tarihi ne. Motar Bugatti da ake kira Atlantic guda 4 kaɗai aka ƙera tsakanin 1936 da 1938, ɗaya daga cikinsu kuma ta ɓace a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Irin wannan mota, in ban da hoto, a samfur kaɗai ake ganin siffarta ta kowane gefe.

Na biyu, masana'antar mota kanta da samfur take tunani. Tun 1927, lokacin da kamfanin General Motors ya kafa sashen zane a ƙarƙashin Harley Earl, siffanta sabuwar mota da yumɓu kafin a yanka ƙarfe ya zama al'ada. Masu motocin tsere kuma sukan sa samfur a rumfar da ake hura iska mai ƙarfi don su ga yadda iska ke bin jikin motar.

Na uku, kuma mafi muhimmanci ga wannan taro, horar da matasa. Daga 1930 zuwa 1968 wani reshe na General Motors mai suna Fisher Body ya gudanar da gasa ta yara maza a Amurka. Da farko keken doki na sarauta ake ce su ƙera, daga 1937 kuma aka buɗe musu su zana motar da suka ƙago da kansu su ƙera ta bisa ma'aunin 1:12. Ladan kuwa kuɗin karatun jami'a ne. Charles Jordan, wanda ya ci gasar a 1947, shi ne ya zama shugaban sashen zane na kamfanin daga 1986 zuwa 1992. Kamfanin ba sadaka yake yi ba. Yana neman masu ido da hannu ne tun suna ƙanana, ya kuma same su.

Abin da Ya Shafi Ƙasar Nan

Ba a rasa wannan baiwa a nan ba. Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya ga yara suna yin motar kara, da ta gwangwani, da ta langa-langa, da tayoyin da aka yanko daga tsohon silifa, da dogon sitiyari da yaro zai riƙe yana tafe yana tuƙi. Yaron nan ƙira yake yi, domin babu wanda ya ba shi akwatin sassa ko takardar umarni. Ya dubi babbar mota a tasha, ya riƙe siffarta a ka, ya nemi abin da zai fitar da ita. Abu guda ya rasa, shi ne awo. Da ya kai shekara goma sha biyu kuma sai a ce masa ya girma da wasa, ya jefar da waya ya ɗauki littafi, kamar dai hannu da ƙwaƙwalwa abokan gaba ne.

Haka abin yake ga manya. A kasuwar Panteka ta Kaduna, da unguwar Suame ta Kumasi a ƙasar Gana, akwai masu zubi da masu walda da masu fere ƙarfe waɗanda ke fitar da sashen mota ko na injin niƙa in an kawo musu tsohon su duba. Gwanintarsu ba abin musu ba ce. Amma yawancin aikin da ido ake yinsa da gwaji, sashe guda don inji guda. Masana'anta kuwa tana bukatar a yi dubu, kowane ya shiga gurbin ɗan'uwansa ba tare da an goge ba, wannan kuma ba ya samuwa sai da zane mai adadi da ma'auni mai ganin kashi ɗari na milimita.

Daga 1975 zuwa farkon shekarun 1980 Nijeriya ta buɗe masana'antun mota a Kaduna da Ikko da Kano da Bauci da Ibadan da Inugu. Sunan da jama'a suka ba su daidai ne, kamfanonin haɗa motoci, domin yawancin sassan a akwati suke zuwa daga waje. Da kuɗin ƙasashen waje suka yi wuya a shekarun 1980, akwatuna suka ragu, aiki ya ja baya, waɗansu suka rufe. Tsarin ilimi na 1977, wanda aka fara aiwatarwa a 1982, ya sa koyon fasaha a ƙananan makarantun sakandare, aka kuma sayo injuna, amma a makarantu da yawa sun daɗe a cikin akwatunansu don rashin lantarki da malamai.

Kammalawa

Abin da tarihin masu samfur ke nunawa shi ne horon ƙira ba ya bukatar babban gini tun farko. Teburi guda, da magagari, da zarto, da ma'auni mai kyau, da fallen gwangwani sun isa a koya wa yaro ya auna, ya raba da 10, ya zana, ya yanka, ya gwada, in bai shiga ba ya sake. Ma'aikatun ilimi na jihohi suna da ikon shirya gasa tsakanin makarantu, inda za a ce kowane ɗalibi ya auna wata mota ta garinsu, ko a-kori-kura ko tirela, ya kawo zanenta da samfurinta bisa ma'aunin 1:10, alƙalai su sa ma'auni su duba, ladan kuma ya zama gurbin karatu a kwalejin fasaha. Sassan koyar da injiniya na jami'o'i suna iya gayyato maƙeran kasuwa su koyar da hannu, su kuma a koya musu karanta zane. Masana harshe ma suna da nasu aikin, domin har yanzu kalmomin awo da na sassan inji a Hausa suna warwatse a bakin makanikai, ba a tattara su an daidaita yadda za a rubuta littafin koyarwa da su ba.

Ɗalibin da ke zaune a wannan zaure, in yana da ƙane mai lanƙwasa waya a ƙofar gida, ya saya masa abin awo ya nuna masa yadda ake karanta shi. Ma'aikacin da takardar kasafin makarantu za ta bi ta teburinsa, ya duba ko an ware wani abu don ɗakin koyon sana'a da malamin da zai buɗe shi.